Gidan haya a Makka da Jidda: wa doka ke kamawa idan abu ya ɓaci?

Idan Hausawan Makka da Jidda suka zauna hirar gidajen haya, maganar ba ta wuce ɗan hayan da ya ƙi biya. Kowa yana da labarin wani da ya shekara biyu a gida bai ba da ko riyal ɗaya ba, aka kai shi gaban umda, wato mai unguwa, aka haɗa shi da dattawan unguwa, daga bisani ya kwashe kayansa cikin dare ya bar wa mai gida bashin wuta da ruwa. Tsoron nan yana da tushe, amma zamani ya wuce shi. A Saudiyyar yau ɗan hayan da ba ya biya shi ne mafi sauƙi a cikin matsalolin mai gida, domin hukuma ta buɗe hanyar karɓo masa haƙƙinsa. Abin da ke iya cinye gida ɗungurungum, har ya haɗa da 'yancin mai shi, yana wani wajen daban: wa ke kwana a cikin gidan, wane hali ginin yake ciki, kuma sunan wa aka rubuta a takarda. A nan ne al'adarmu ta yin komai baki da baki bisa amana take jefa mu cikin haɗari, kuma akasarin waɗanda abin ke rutsawa da su mutanen kirki ne.

Masu ba da haya a cikinmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan ƙasa, jikokin mahajjatan da suka iso a ƙafa ta Sudan tun zamanin kakanni, masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi, waɗanda suka gaji gidaje a Shara Mansur da Hindawiyya da Tandabawi da Jarwal. Akwai masu igama, wato baƙi masu takardar izinin zama, da ke kama bene guda daga hannun mai shi, su biya kuɗin shekara, sannan su rarraba shi ɗaki ɗaki ga wasu. Akwai kuma mutanen gida, na Kano da Maraɗi da Damagaram, da ke turo kuɗi a saya musu gida da sunan wani ɗan'uwa mai takardar ƙasa. Doka ba ta yi wa ukun nan kallo ɗaya, ko da yake a bakin mutanen unguwa kowannensu mai gida ne.

Tun 2018 gwamnati ta mayar da harkar haya kan shafin Ejar, wanda yanzu yake ƙarƙashin hukumar kula da harkar gidaje da filaye. Majalisar ministoci ta yanke cewa yarjejeniyar hayar da ba a yi wa rajista a can ba, ba ta da tasiri a gaban ma'aikatun gwamnati da kotuna. Wadda aka yi wa rajista kuwa ƙarfinta ya kusa na hukuncin alƙali: mai gida ba ya buƙatar doguwar shari'a, ta shafin Najiz na ma'aikatar shari'a zai miƙa ta ga kotun zartarwa, a sanar da wanda ake bi bashi, a ba shi kwana 5, in bai biya ba a taɓa asusunsa na banki, ana ma iya hana shi fita ƙasar. Wannan gata ne da iyayenmu ba su samu ba. Sai dai gatan na wanda ya shiga ta ƙofa ne. Mai gidan da har yanzu yake riƙe da littafin rasit na kantin littattafai, yana yage wa ɗan haya rabi yana ajiye rabi a cikin akwati, ranar da rigima ta tashi zai ga littafin bai tsinana masa abin da yake zato ba. Daga 15 ga Janairun 2024 ma, kuɗin hayar gidajen zama ta hanyoyin Ejar ake biyansu, da katin banki na Mada ko ta tsarin biyan kuɗi na SADAD, kuma abin da aka miƙa hannu da hannu ba ya fitowa a lissafin da kotu za ta duba.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, wadda masu yin ta suke ganin wayo ne. A rubuta riyal 12,000 a Ejar, alhali an yi ciniki a kan 18,000, sauran 6,000 a karɓa a hannu. Wani yana yin haka don sauƙaƙa wa ɗan haya wani lissafi nasa, wani don kada magada 'yan'uwansa su san ainihin abin da ke shigowa. Ko mene ne dalilin, mai gida ya sa hannu da kansa cewa haƙƙinsa 12,000 ne, kuma ranar da ɗan haya ya juya baya iyakar abin da kotun zartarwa za ta karɓo masa ke nan. Haka kuma mai cusa sharuɗɗan da suka ci karo da yarjejeniyar bai ɗaya ta Ejar yana iya raba takardarsa da ƙarfinta na zartarwa, ya koma layin shari'ar da ya so ya guje wa.

Mai gidan da ransa ya ɓaci yakan yi abin da ya ga ana yi tun yana yaro: ya sauke mitar wuta, ya rufe famfon tanki, ko ya sauya kwaɗon ƙofa ɗan haya yana wurin aiki. Da yin haka ya mayar da kansa wanda ake ƙara. Muddin yarjejeniya tana nan, doka ta hana shi tsoma baki cikin amfanin da ɗan haya ke yi da gidan, kuma fitar da mutum aikin kotu ne. A Makkar da zafi ke haura digiri 45, yanke wa gida mai jarirai da tsofaffi wuta ba ƙaramin abu ba ne, ko a wurin alƙali ko a wurin Allah.

Gidan gado yana da nasa ciwon kai, kuma iyalanmu 'yan ƙasa su suka fi fama da shi. Mahaifi ya rasu ya bar bene mai hawa uku da 'ya'ya goma sha ɗaya daga ɗaki uku. Babban wa ya ci gaba da karɓar haya kamar yadda yake yi tun Baba yana da rai, ba wanda ya ce uffan saboda kunya. A ido na doka kuwa gidan ya zama na dukkan magada tun ranar rasuwa, kuma mai ba da shi haya sai ya riƙe takardar ƙididdige magada daga kotu tare da wakilcin sauran. Idan babu wannan, ranar da wata ƙanwa da ke aure a Madina ta nemi lissafin shekara takwas, Yaya ne zai zauna ya kawo shi riyal bayan riyal, har da abin da ya kashe a gyaran tanki ba tare da ya ajiye rasit ba. Zumunci da yawa ya mutu a kan wannan, ba don wani ya ci amana ba, sai don ba a rubuta komai ba. Mutuwar mai gida kuma ba ta kashe yarjejeniyar haya, sayar da gidan ma haka. Magajin da ya yi wa mai saye alkawarin miƙa masa gida babu kowa a ciki, alhali ɗan haya yana da sauran wata tara, ya ɗauki alkawarin da ba shi da ikon cikawa.

Sai babbar magana, wadda ta fi taɓa zuciya, wato wanda ke kwana a cikin gidan. Mu mutane ne da aka rena a kan cewa baƙonka annabinka, kuma a Makka baƙon ba kowane baƙo ba ne, baƙon Allah ne. Kakannin da suka kafa unguwannin nan su ma wani ne ya shimfiɗa musu tabarma ranar da suka iso. Saboda haka idan Shawwal ya raba, hirar da ake yi a gidaje da yawa iri ɗaya ce. Saurayi ya dawo daga aiki ya tarar da takalma sun cika bakin ƙofar hawa na biyu, ya sami kawunsa a falo.

"Kawu, mutanen nan da ke sama, ka ga takardunsu kuwa?"

"Haba ɗana, 'yan garinmu ne. Umara suka zo, suna so su tsaya su sauke farali. Ni ne zan kore su daga Makka?"

"Ba kora na ce ba, Kawu. Amma gidan sunanka ne a kai."

Yaron yana da gaskiya, kawun kuma ba mugu ba ne, shi ya sa maganar take da nauyi. A aikin Hajjin 2025 ma'aikatar cikin gida ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana shirin Hajji ba da izini ba, da tarar da ta kai riyal 100,000 ga duk wanda ya saukar da masu bizar ziyara a otal ko gidan haya ko gidansa na kansa a Makka, daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji. Tarar kuma tana ninkuwa da yawan mutanen da aka samu. Mai gidan da ya karɓi riyal dubu biyu biyu daga mutum goma yana murnar ya samu na layya, ya sa kansa a inda lissafin tara zai iya kaiwa miliyan. A sauran watannin shekara ma, ba wa wanda igamarsa ta mutu ko bizarsa ta ƙare mafaka laifi ne mai tarar da ke kaiwa riyal 100,000 da ɗaurin wata 6, in kuma mai gidan baƙo ne a haɗa masa da tarhil, wato kora daga ƙasar. Wanda ya ɓoye mutumin da ya tsallako iyaka ta ɓarauniyar hanya, nasa ya fi muni: ɗaurin da ke kaiwa shekara 15, tarar riyal miliyan 1, da ƙwace gidan da aka yi ɓoyon a cikinsa.

Ba na cikin masu cewa hukuma ta tsananta haka kawai. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, ba su da tanti a Arfa da Mina, ba su da motar da za ta ɗauke su, suka yi ta tafiya a rana. Kowane ɗaya daga cikinsu a wani ɗaki ya kwana kafin ya fita. Mai gidan da ya saukar da tsohuwa 'yar shekara saba'in ya ɓoye ta har ranar takwas ga wata, ya san ba ta da wurin fakewa a Arfa, ya kamata ya tambayi kansa ko taimako ya yi mata. Alherin gaske shi ne a faɗa wa 'yan'uwa gaskiya tun suna gida, kafin su sayar da gona su biya dillalin biza.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne mai gidan da bai saukar da kowa ba. Ya ba mutum ɗaya haya, mai igama lafiyayya, an yi rajista a Ejar yadda ya kamata. Bayan wata uku shaggar, wato sashen gidan, mai ɗaki uku ta koma masaukin mutum goma sha biyar, ɗan hayan yana karɓar kuɗin katifa daga kowannensu. Doka ta hana ɗan haya ya ba wani haya ba da izinin mai gida ba, kuma wannan kariya ce ga mai gida. Amma kariyar tana aiki ne ga wanda zai iya nuna cewa bai sani ba, ko da ya sani ya ɗauki mataki. Mai gidan da ke zaune a hawa na ƙasa, yana ganin tankin ruwan da ke yin sati biyu ya koma ƙarewa a kwana huɗu, yana gaisawa da baƙin fuskoki a matakala safe da yamma, zai sha wuya kafin mai bincike ya yarda cewa bai san komai ba. Gargaɗi a rubuce, ko da saƙon waya ne mai kwanan wata, sannan neman warware yarjejeniya idan ba a daina ba, shi ne abin da zai tsaya masa. Kawaici a nan ba ya cikin kyawawan halaye. Haka nan mai juya gidansa masaukin 'yan Umara na kwana goma goma a Ramadan: wannan ya fita daga hayar zama ya shiga harkar saukar baƙi, wadda ke buƙatar lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa riyal miliyan 1.

Ginin kansa ma abin tuhuma ne. A Disambar 2023 dokar mu'amaloli ta fara aiki a Saudiyya, wadda ta tattara hukunce-hukuncen ciniki da haya da diyya wuri ɗaya bayan da can alƙali yana komawa littattafan fiƙihu kai tsaye. Ta ɗora wa mai gida manyan gyare-gyaren da gida ba ya zaunuwa sai da su, ta bar wa ɗan haya ƙananan da al'ada ta san nasa ne, sai fa in sun yi wata yarjejeniya daban. Idan an sanar da mai gida ya yi biris, ɗan haya yana da hanyar yin gyaran a cire daga kuɗin haya. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne hukuncin rushewar gini: wanda ginin ke ƙarƙashin ikonsa shi ke biyan diyyar ɓarnar da rushewarsa ta jawo, ko duka ya faɗi ko wani ɓangare, sai in ya tabbatar cewa ba sakacin gyara ko tsufan gini ko aibi a cikinsa ne ya jawo ba. A lura da wanda aka ɗora wa kawo hujja. Ba iyalan wanda baranda ta faɗo wa ne za su tabbatar da sakaci ba, mai ginin ne zai wanke kansa. Diyyar kisan kuskure ta namiji Musulmi kuwa riyal 300,000 ce tun 2011, kuma rai ɗaya ke nan.

Duk wanda ya taɓa shiga irin benayen da ake yanka wa ɗakuna ya san yadda suke. Falon da aka gina don iyali ɗaya an raba shi uku da allon jibis, ɗakin tsakiya ba taga, sai fanka. Esi huɗu suna rataye a kan layin wutar da aka ja don guda ɗaya, wayoyin an naɗe su da baƙin salatif, in ka taɓa bangon kusa da soket sai ka ji ɗumi. Tukunyar gas tana lungun matakala saboda kicin ya koma ɗakin kwana, ƙofar hawa rufin bene kuma an sa mata kwaɗo don kada a saci tauraron ɗan adam ko a yi shanya. Matakalar nan ita kaɗai ce hanyar fita ga mutum arba'in. Mai gida yana lissafin cewa ya ninka kuɗin shiga sau biyu, bai lissafa cewa kowane allon jibis da ya kafa ba da izinin baladiyya, wato hukumar birni, ba hujja ce a kansa ranar da 'yan kwana-kwana suka zo rubuta rahoto.

Ba sai an yi hasashe ba, an gani. A Janairun 2006, ana saura kwanaki a hau Arfa, wani masaukin alhazai ya rufta a unguwar Gazza kusa da Harami, mutum 76 suka rasu. A Yulin 2017 gobara ta tashi a wani gida marar tagogi a Najran, hayaƙi ya kashe ma'aikata 11 'yan Indiya da Bangaladash. A Mayun 2024 wani bene ya faɗi a unguwar Faisaliyya ta Jidda, mutum 7 suka mutu, kuma binciken hukumar Nazaha mai yaƙi da cin hanci ya gano cewa an ɗora wa ginin ƙarin hawa da lasisin da aka samu ta hanyar cin hanci, aka kama mai ginin tare da waɗanda suka taya shi. Ɗora hawa a kan tsohon tushe abu ne da mu ma muke yi, musamman idan yaro zai yi aure ko ana son ƙarin ɗakunan haya. Kuɗin injiniyan da zai duba ginshiƙai kuwa shi ake fara tsallakewa. Wanda kuma yake ba kamfani gida don ma'aikata, idan sun kai 20 gidan yana buƙatar lasisin masaukin taro daga baladiyya, mai sharuɗɗan faɗin wuri da hanyar tsira.

Mai igamar da ya kama bene don ya rarraba shi yakan ɗauka cewa duk wannan nauyin mai sakki ne, wato mai takardar mallakar gidan. Ba lallai ba. Doka tana duba wanda yake da iko a kan ginin a aikace, kuma wanda ya kafa allunan, ya ja wayoyin, ya zuba mutanen, shi ne na farko da za a tambaya. Sannan yana da wata matsalar da ta fi wannan. Baƙo ba shi da izinin gudanar da kasuwancin da ba a ba shi lasisinsa ba, kuma kama gidaje ana bayarwa haya don riba kasuwanci ne. Idan aka yi shi a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, ɗan ƙasar yana karɓar ɗan wani abu a wata, wannan shi ne tasattur, kuma dokar 2020 ta sa masa ɗaurin da ke kaiwa shekara 5 da tarar da ke kaiwa riyal miliyan 5, da ƙwace abin da aka samu, da korar baƙon. Hukuncin yana hawa kan su biyun, mai aron suna da mai ba da aro. Ɗan ƙasar da ya ce shi taimakon ɗan'uwa kawai ya yi, zai gane cewa duk tarar baladiyya da duk ƙarar da aka shigar sunansa suke nema, domin shi Absher, shafin hidimomin gwamnati, ya sani.

Sayen gida da sunan wani ya fi kowanne ban tausayi, saboda yawanci guzurin tsufa ne. Mace ta yi shekara ashirin tana aikatau ko tana sayar da abinci a Jidda, ta tara abin da ta tara, ta damƙa wa ɗan ƙawarta mai takardar ƙasa ya saya mata gida, 'yan haya suna biya, yana kawo mata. Shekaru suna tafiya lafiya, domin yaron mai amana ne. Amma ba cin amana kaɗai ke raba ta da gidan ba. Idan ya rasu, gidan ya shiga gadonsa, 'ya'yansa kuma ba su san wata Hajiya ba. Idan bashi ya hau kansa, kotun zartarwa tana iya sa hannu a kan gidan don sunansa ne. Idan ta je kotu neman haƙƙinta, hujjarta ita ce ta faɗa da bakinta cewa an kauce wa dokar mallakar baƙi. Rusau ɗin Jidda ya fito da wannan fili. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe unguwanni irin su Gulel da Batromin da Karantina da Sabil da Kandara, inda Hausawa da yawa suka rayu shekara da shekaru, kamar yadda aka yi a Nakkasa da wuraren da aikin gine-ginen da ake kira Masar ya ratsa a Makka. Tsarin diyyar ya bambanta mai sakki, wanda ake biya kuɗin fili da na gini, da marar sakki, wanda ake biya kuɗin gini kawai. A kowane hali sunan da ke takarda ake kira. Wanda ya biya kuɗin sayen gidan a ɓoye, da wanda ya biya hayar shekara gaba ɗaya don ya rarraba ɗakuna, sai dai su bi mai sunan suna roƙo.

Yanzu an ɗan buɗe ƙofa. A Yulin 2025 aka amince da sabuwar dokar mallakar gidaje ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba, mai aiki daga Janairun 2026, wadda ta ba baƙi damar saye a yankunan da hukuma ta keɓe, tare da sharuɗɗa na musamman a Makka da Madina, inda sai Musulmi. Ba kowa zai iya ba, kuma ba kowace unguwa ta shiga ba. Amma mai kuɗin da ke Kano yana neman inda zai sa dukiyarsa gara ya sayi ƙaramin abu da sunansa a inda aka yarda, da ya sayi babban bene kusa da Harami da sunan wani. Masu tsohuwar amana a tsakaninsu kuma su zauna da lauya tun ɓangarorin biyu suna raye suna shiri, a nemi yadda za a warware ta, ko da sayar da gidan ne a ba mai kuɗi kuɗinsa.

Haraji ba shi da yawan rikici. Hayar gidan zama ba ta da harajin kaya, hayar shago tana da kashi 15 cikin ɗari idan kuɗin shigar mai gida na wannan fanni ya wuce riyal 375,000 a shekara, sayar da gida kuma yana da kashi 5 cikin ɗari tun Oktoban 2020. La'adar dillali kashi 2.5 cikin ɗari ce ta hayar shekarar farko idan ba a rubuta wani abu daban ba, kuma dillalin sai mai lasisin Fal na hukumar gidaje.

Abin da ya sauya lissafi kwanan nan shi ne hukuncin 25 ga Satumban 2025. An dakatar da ƙarin kuɗin haya a cikin birnin Riyad na shekara 5, gidajen zama da shaguna baki ɗaya, gidan da yake a rufe ma an ɗaure shi da farashinsa na ƙarshe a Ejar. Masu rubuta ƙaramin farashi suna karɓar ciko a hannu sun wayi gari ƙaramin farashin nan ya zama nasu na shekara biyar. A Riyad ɗin kuma mai gida ba ya iya ƙin sabunta wa ɗan hayan gidan zama sai da dalili irin rashin biya, ko aibin gini mai haɗari da rahoton masana ya tabbatar, ko buƙatar ya zauna da kansa ko ya zaunar da iyayensa ko 'ya'yansa. Tarar saɓa wa waɗannan tana kaiwa hayar wata 12, wanda ya kai rahoto kuma ana iya ba shi har kashi 20 cikin ɗari na tarar. Mutanen Makka da Jidda da Madina kada su ce abin na Riyad ne kawai, domin wani ɓangaren ya game ƙasar duka: wajibi ne mai gida ya yi wa yarjejeniya rajista, in ya ƙi ɗan haya yana iya nema da kansa, kuma yarjejeniya tana sabunta kanta idan ɗaya bai sanar da ɗaya ba aƙalla kwana 60 kafin ta ƙare. Mai gidan da ya saba ƙwanƙwasa ƙofa ana saura sati biyu ya ce "Malam, wata mai kamawa ina son gidana" ya makara da wata ɗaya da rabi. An kuma ba hukumar gidaje ikon faɗaɗa dakatar da ƙarin zuwa wasu birane idan buƙata ta taso, saboda haka wanda zai ci bashin banki ya sayi bene a Jidda bana, ya yi lissafin biyansa da hayar da ake karɓa yau, kada ya dogara da ƙarin da yake sa ran yi baɗi.